Ƙarfe Biyun Dare a Busan

Narae ba ta runtsa ba.
Ga su can bakin teku, su biyar,
hannu bisa kafaɗa, haƙora a waje,
har da Bora, mai cewa mura ta kwantar da ita.

Ta ɗauki fuskarta sau goma sha bakwai.
Ta rage hanci, ta share ƙuraje,
ta saki hoton, ta zuba ido.
Zukata uku kacal suka faɗo.
Ɗaya ta gwaggonta ce.

Da sassafe kaka ta shigo, hannunta duk ƙarnin kifi,
ta leƙa, ta yamutsa fuska:
"Wannan 'yar waye?
Ina tawa mai tabo a haɓa,
wadda keke ya kayar tana dariya?"

Narae ta kifa wayar.
Shinkafa na tururi.
Yatsanta dai bai daina ƙaiƙayi ba.