Gadon da Ba a Rubuta Ba

Ranar Talata, layin awo a asibitin Murtala,
ban karya ba, haka aka ce in zo.
Nas Kubura ta miƙo kofin ruwan sukari,
zaƙinsa har ƙaiƙayi yake a maƙoshi.
"Shanye, ki nemi benci, awa biyu."

Da aka auna jinin, lamba ta haura.

Ni da ko shayi sai an roƙe ni?
Ga yayata Hansai, nono ɗaya muka sha,
haihuwa biyar, alkaki ba ya kwana a ɗakinta,
ko sau ɗaya ba a ja jan biro a katinta ba.

Likita ya ce in sauke laifin daga kan cokali.
Akwai rubutu cikin ƙwayoyin halitta,
harafi guda in ya sha bamban
sai jiki ya yi nauyin kunne
daidai lokacin da ciki ya ƙara masa kaya.
Ba hukunci aka yanke ba, in ji shi,
gangara ce, inda ruwa ya fi son bi.

Sai na tuna Baba a bakin karofi, Ƙofar Mata.
Ƙyalle biyu daga bandir ɗaya,
baba ɗaya, toka ɗaya, hannu ɗaya ya tsoma,
wannan ya fito kamar sararin hantsi,
wancan ya yi duhun magariba.
Ya matse, ya ce: "Zare ma da abin da ya ɓoye."

Na kuma tuna Goggo Tambai,
wadda randa ba ta isarta in tana da ciki.
Ta haifi ƙatti, mata suka yi ta guɗa,
na ukun bai yi kuka ba.
Aka ce iska, aka turara gida kwana bakwai.

Da ta rasu malamai sun zauna a zaure,
suka ƙirga tasoshi, zannuwa, ɗaki biyu a Yakasai,
kowa ya ɗauki rabonsa, aka shafa.
Wannan kason ba wanda ya gan shi balle ya rubuta.
Ya tsallake Hansai, ya jira ni shekara ashirin.

Yanzu kowace asuba ina huda yatsa,
ina rubuta lamba a bayan littafin cefane.
Malmala ta koma rabi, zogale ya cika kwano.
Maigida ya daina shan lemo a gabana,
amma ina ganin murafen a aljihunsa ran wanki.
Bayan la'asar in taka har Ƙofar Nassarawa,
'yan adaidaita na ta horn, ina girgiza kai.

Ke mai shurina ta ƙarƙashin haƙarƙari,
ban san wane zare na ba ki ba.
In kin girma zan faɗa miki sunan Goggo,
da ƙishirwarta,
in ba ki littafin nan, duk da ya sha manja.