Inda Tantan Ke Juyawa

Ni ke tuƙa tantan ɗin haya a Bunza,
Arzika sunana, in ka tambaya.
Littafin layi na cikin aljihuna,
ya sha man gas har ya yi baƙi.

Gandun Alhaji Manu kadada sittin ne.
In na saki garma da hantsi
sai in miƙe, in yi ta miƙewa,
har tunanina ya je Kamba ya dawo
ban murɗa sitiyari ba.
Kunya kamar an ja ta da zare.
Ruwan shuka ya sauka Talata,
Alhamis irinsa na ƙasa.

Gonar Tunau kuwa taki tamanin.
Kafin in sa giya ta biyu
ga gambar iyaka a hancina.
In juya, in ja baya, in sake juyawa,
mai na ƙonewa a kwana,
tayar baya na tattake gyaɗar maƙwabci.
Mai mota ya ce, "Ba riba, tsallake shi."
Damina uku ina tsallake shi.
Yana bakin hanya, kuɗinsa a naɗe cikin hula,
ni ina ɗaga hannu kamar gaisuwa ce ya zo nema.
Kafin layi ya kai kansa ruwa ya yi wata,
dawa ta makara, zangarniya ta fito guntuwa,
a kasuwa a ce Tunau rago ne.

Bana sai ga su da asuba, su bakwai:
Tunau, Nomau, Inna Kulu da ɗanta,
da wasu uku da ba sa ga maciji.
Sun tuge gambar da ke tsakaninsu,
sun kafa turaku can bakin hanya.
"To, ga gandu mun yi maka. Shiga."

Na shiga. Wallahi na miƙe!
Kafin azahar ƙasa ta kife,
tana ƙamshi, balbelu na bin bayana.

Da la'asar rigima ta tashi.
Nomau ya ce turkensa ya matsa taki biyu,
Inna Kulu ta ce idonsa ne ya matsa.
Na kashe inji, na jingina da taya,
ina ɓare rogo, ina saurare.

Dami nawa za su ɗaure, ban sani ba,
wannan sai kaka ta faɗa.
Na dai buɗe littafi, na lashi fensir,
na rubuta Tunau a ƙarƙashin Alhaji,
ƙasa da sauran danshinta.