Kuskuren Kawu Gado

A kasuwar albasa ta Aliero
Kawu Gado bai taɓa riƙe biro ba.
Buhu arba'in da bakwai, a cire la'ada, a cire na dako,
sai ya lumshe ido, leɓe na rawa,
kafin direba ya kurɓe shayinsa ya faɗi kuɗin.

Ni na kawo masa waya daga Birnin Kebbi.
Na ce, "Kawu, huta."
Ya juya ta ciki da bai, ya miƙo mini:
"Jakin da ya saba ɗaukar maka kaya,
wata rana shi zai zaɓa maka hanya."
Na yi dariya.

Shekara shida ke nan da muka kai shi makwanci.
Ran nan caji ya ƙare mini da hantsi,
manomi tsaye, buhu tara a gabana,
tara sau dubu talatin da biyu.
Na leƙa kaina, ɗaki ne ba kowa.
Na tsaya kallon baƙin gilashi
har wani yaro ya ara mini tasa.

Ba wannan ya hana ni barci ba.
Ɗantani ya karɓi kuɗinsa, ya ƙirga,
ya ce, "Daidai ne. Na Gado ba ya yin daidai."
Ashe duk shekarar da ruwa ya ci fadama
Kawu kan yi kuskure,
kuskuren kuma aljihun manomi yake faɗawa.
Waya ba ta san ambaliya ba.
Abin da ka danna shi take ba ka,
ni kuma na daina tambayar
abin da ba shi da wurin dannawa.

Jiya Tumba, autata, ta nuna wa wayar wani tsuntsu
a kan rudun albasa.
Wayar ta ce ba ta gane ba.
Tumba ta ce, "Baba, ba shi da suna."
Yana da shi. Kawu ya faɗa mini
muna dawowa daga ban-ruwa.
Na laluba, na laluba.

Wanda ya ƙera abin nan, can inda yake,
ko ya taɓa auna abin da yake kwasa
a bakin abin da yake bayarwa?
Ko mai awo yakan bari ka duba gindin mudu.

Yau da asuba na bar ta ƙarƙashin matashi.
Tara sau talatin da biyu.
Ina tafe ina bin gaɓoɓin yatsu,
sau biyu na ɓata kafin masallaci.