Hanta Ba Ta Riƙe Zare

Shekara talatin da ɗaya ina fawa a kasuwar Tawa.
Ban san baƙi ba, ban san boko ba,
amma cikin dabba na haddace shi.
Tumbi yana jure ja.
Fata tana karɓar basilla.
Hanta kuwa, danna ta da yatsa ta lotsa,
sa mata zare ta tsage,
kamar ka ce za ka ɗinke kindirmo.

Don haka ranar da Nomau ya faɗo
daga kan buhunan albasar Galmi,
ƙarfen mota ya same shi ƙarƙashin haƙarƙarin dama,
da aka ce mini hantarsa ta fashe,
ban nemi fassara ba.
Tawa hantar ce ta kaɗa.

Bencin asibiti ya fi dutsen wasa wuƙa tauri.
Yaran mahauta biyar suka naɗe hannun riga,
su da kullum suke zubar da jini
yau suka ba da nasu, leda leda.
Tasalla ta manta carbinta a gida,
tana lissafi da gaɓoɓin yatsu,
tana ɓacewa, tana sake farawa.
Aka kira la'asar. Aka kira magariba.

Sai ga Likita Zalika, ƴar siririya,
shatin hula kwance a goshinta.
Ta ce, "Baba, ya tsaya."
Na ce, "Numfashin?"
Ta ce, "Jinin."

Na zauna a ƙasa, ban san na zauna ba.

Na ce, "Ɗiyata, ni mahauci ne, kar ki lallashe ni.
Da me kika ɗinke ta?"
Ta juya takardar magani, ta zana mini a bayanta.
"Manyan jijiyoyin na ɗaure su da zare.
Gefen da ya dagargaje na yanke.
Abin da ya rage tsattsafi ne,
kamar sabuwar randa, ko'ina yana naso,
babu bakin da za ka kama.
Nan na shafa danƙo."

"Danƙo? Irin na mai faci?"
Ta yi dariya, ta farko a wunin nan.
"Ruwa biyu ne a cikin tagwayen sirinji.
Kowane shi kaɗai ruwa ne kawai.
In sun haɗu a kan nama,
kafin ka gama salati sun daskare."

Na tambayi abin da ke cina:
daga fatar wace dabba, daga jinin wa?
Ta ce ba dabba, ba mutum,
a masana'anta aka harhaɗa shi.
Kwali ɗaya ya rage musu, daga Yamai ya zo.
Kuɗinsa ya cinye mini bijimi da rabi.
Ban yi ciniki ba,
ni da nake jayayya a kan dala biyar.

"In ya warke, wa zai ɓamɓare shi?"
"Ba kowa. Zai riƙe har naman ya kama kansa,
sannan ya narke, ya bi jiki ya fita."

Ana cewa wane da wane kamar hanta da jini.
Na sha faɗa, ban taɓa tunanin
akwai ranar da za su nemi rabuwa
har sai an shiga tsakani ba.

Wata uku ke nan.
Nomau yana cin tuwo malmala biyu,
yana ƙorafin an hana shi ɗaukar buhu.
Danƙon, in ji likita, tuni ya tafi,
bai tsaya an gode masa ba.

Jiya na ciro hantar rago da ɗuminta,
na riƙe ta a tafin hannu tana sheƙi.
Mai saye ya ce, "Malam Ango, ta jika ɗaya,
ko barci kake?"
Na ce, "Yi haƙuri."
Na yanka masa a hankali,
na ƙara masa da ƙoda.