Daren Saita Saba a Nima

Sha ɗaya ta wuce, Nima ta rage murya,
saura yaron mota ɗaya yana kiran Madina.
Daga ni sai fanka, sai sabar Alhaji Gariba
mai fiton kaya daga Tema,
a ɗakin da bai fi akurki ba.

Wasiƙa tana shigowa, ba ta fita.
Wayar Fuseina ta iya karɓa, ta ƙi aikawa.
Kwamfutar Kwabena akanta ta ce ba ta san mu ba,
wai takardar shaidarmu ta mutu tun watan jiya,
sunan da ke kanta ma ba namu ba ne.
To, gaskiyarta.
Wa zai buɗe wa baƙon da ya zo da katin wani?

Na sabunta takarda, na gyara suna.
Ƙofa ta ashirin da biyar, masu layi sun toshe,
na mai da masu fita ɗari biyar da tamanin da bakwai,
kowa ya faɗi sunansa kafin ya wuce.
Masu ɗauka, ɗari tara da casa'in da uku,
a karanta a nan, a bar wa gida nasa.
Wayar Fuseina ta yi ƙara cikin aljihun tebur.
Ɗaya ke nan.

Saura tsohuwar.
Tana kusurwa, an rufa mata sallaya saboda ƙura.
Ba ta jin sabon yare.
Kalmar sirri takan faɗe ta da ƙarfi kamar mai tallar koko,
wasiƙa kuwa in ta ɗauka ta kwashe duka,
ta bar saba wayam.
Ra'ayina a kai ta Agbogbloshie a sayar da ƙarfen.
Alhaji ya ce, kada ka taɓa min ita.
Sai da Fuseina ta ja ni gefe:
wasiƙun ƙanensa Issaka ne a ciki,
shekara goma sha biyu daga Hambug,
har zuwa makon da aka bugo waya.

Sai na bar mata ƙofarta ta cikin gida kawai,
na datse ta waje.
Na fara kwafe su zuwa saba,
dubu huɗu da ɗari biyu da 'yan kai.
Ban karanta ba. Kanun dai suna wucewa:
kuɗin makaranta, sanyi, rufin ɗakin Inna, sanyi.

Wuta ta ɗauke a dubu uku.
Batir yana kuka, ni ina lissafi,
waken da na saya tun magariba ya sandare a ganye.
Ta dawo.

Ƙarfe huɗu na rubuta kalma ɗaya, gwaji,
na aika wa kowa.
Ta isa waya, ta isa wajen Kwabena,
tsohuwar ta yi tari, ta karɓa.

Ina ɗaura takalmi bayan asuba amsa ta shigo,
ba gaisuwa, ba sa hannu:
Na ga Issaka a wayata.
Nawa ne kuɗinka?