Mabuɗi Biyu

Ƙarfe ɗayan dare a Valparaíso,
jiragen ruwa na gunaguni a gindin tudu,
ni da kwamfuta da shayin da ya huce.
Likita Arancibia ya bar mini 'yar takarda:
"Ximena, allon ɗakin jira ya cika surutu.
Lamba da ɗaki kawai. Sauran a rufe."

Kowane majinyaci ƙamus ne a wajena,
baka biyu sun rungume shi hagu da dama,
a ciki mabuɗi, ɗigo biyu, sai abin da yake riƙe.
Suna. Shekaru. Lamba. Ɗaki.
Ciwo. Bashi. Wanda za a kira.
Bakwai ke nan, an ce in ɗauki biyu.

Ban goge komai ba.
Ɗan jeri na rubuta, na ce wa injin:
zagaya, ka tsaya a kowace ƙofa,
wadda ke cikin jerina ka buɗe,
wadda ba ta ciki ka wuce kamar ba ka gani ba.
Layi huɗu. Ko tari bai yi ba.

Wajen gwaji hannuna ya zame,
na buga duka maimakon zaɓi,
sai ga Evaristo Quilodrán, mai burodin layinmu,
wanda ke ƙara mini guda kowace Asabar
ya ce kuskuren lissafi ne.
Na ga sunan ciwon. Ba zan faɗa ba.
Na ga bashin, ya fi tandarsa tsada.
A gaban "wanda za a kira"
alamar zance ta buɗe ta rufe,
babu kowa a tsakani.

Na gyara, na sake bugawa.
Injin ya mance nan take, shi ba ya riƙo.
Ni ce ban da maɓallin sharewa.

Da safe na zauna a bencin baya.
Allo ya ce: arba'in da bakwai, ɗaki na uku.
Ya tashi, hula a hannu,
gari bai gama fita daga hannun rigarsa ba.
Ba wanda ya ɗaga kai.
Aiki ya yi kyau ke nan.

Layi ɗaya ya isa in cusa lambar wayata
a wancan gurbin,
amma mabuɗin ba nawa ba ne.

Asabar na hau matakala ɗari da tara,
na sayi biyar, ya ƙirga shida.
Na ce, "Don Evaristo, akwai kujera?"
Ya dube ni, ya dubi tanda,
ya jawo buhun gari da ƙafa.