Ruwa Ya Yi Gyara

Ba damina ce ta ci ni ba.
Da ita ce, da na ga hadari,
da na hau soro na share indararo
yadda Baffa ya koya mini.
Wannan ruwan ni na sayo shi
da kuɗin riɗi buhu uku,
na ɗora masa tanki,
na haƙa masa hanya cikin bango,
na lulluɓe shi da siminti
na ce: zauna, nan ne gidanka.

Har leƙe aka riƙa zuwa.
Bayi mai tayil a ƙauyenmu!
Ka murɗa, ya zubo.
Uwale ta kife tulu bayan rumbu,
ta ce wuyanta ya huta.

Shekara ba ta zagayo ba.
Da fari tabo ne kamar tafin hannu,
can ƙasa, a ɗakin ajiya.
Na ce gumi ne, wa bazara ta bari?
Sai fenti ya yi bororo.
Tururuwa suka kwashi ƙwansu
suka yi ƙaura da tsakar rana,
ni mai manyan idanu ina tsaye ina kallo.

Ran Laraba Uwale ta shiga ɗibar gero,
ta kira ni da muryar da ban san ta da ita ba.
Buhun ƙasa ya tsiro.
Gero ya huda buhu, fari fat, yana laluben rana
a watan da ko gajimare babu.
Na dangwala yatsa a bango,
ya nutse kamar cikin tuwo.

Barau magini ya zo da guduma.
Ya kara kunne, ya ƙwanƙwasa nan, ya ƙwanƙwasa can,
kamar mai zaɓen kankana.
Ya ce: Mai gida, sai haƙuri.
Na san wanda ya buɗe baki da haƙuri
da kuɗi zai rufe.

Tayil ɗin da na ƙirga ɗaya-ɗaya,
na rungumo daga Gujungu a bayan a-kori-kura
ina roƙon direba ya bi ramuka a hankali,
a gabana suka koma tsingaro.
Kamu huɗu ya haƙa kafin ya iske ɓarawon:
tsaga a gwiwar bututu
wadda ƙwayar riɗi ba za ta shige ba.
Na ce: wannan?
Ya ce: wannan.
Ai shi ba ya barci, ba ya cin kasuwa.

Jar tunkiya ta tafi.
Siminti ya hau tun bara, bai sauko ba.
Kwana tara muna ɗaukar buta, ni da yara,
zuwa gidan Malam Hudu,
wanda na taɓa yi wa shaddarsa dariya.
Bai tuna mini ba.
Kullum da asuba dai, rani tsababa,
sai ya gyara hula ya ce: Yaya ruwa?
Ni kuma, ƙasa-ƙasa:
Ya yi gyara.

Yanzu bututun a waje yake,
yana bin bango tsirara kamar ƙadangare.
Babu kyau. Barau ya ce
gara munin da ido ke gani.
Inda tayil bai kai ba mun shafe da siminti,
fari da toka, kamar rigar da ta sha faci.

Geron da ya tsiro Uwale ta shanya,
ta dama kunun zaƙi,
ta aika wa Malam Hudu kwano guda.

Ni dai har yau, in dare ya raba,
nakan tashi da tocila
in dafa bango, in kara kunne.
Shiru.
Amma wancan karon ma
shirun na ji.